Kashin Tsaka a Ƙwaƙwalwar Kwamfuta

Allah Ya raba mu da taimakon da ba mu roƙa ba. A layinsu Umma Tela babu wanda bai san ƙanin mijinta ba, Baffa Saura-ƙiris. Bakinsa ne ya raɗa masa sunan. Duk abin da ya sa wa hannu, rediyo ne, dutsen guga ne, famfon ruwa ne, in ka tambaye shi ina aka kwana sai ya ce, "Saura ƙiris." Ƙiris ɗin nan kuwa har yau bai cika ba. Shi dai Injiniya yake kiran kansa, yana yawo da wani gwangwanin madara cike da notunan da ke yin saura duk lokacin da ya kwance abu ya mayar. A wurinsa gwangwanin nan takardar shaida ce.

"Masu kamfani almubazzarai ne," in ji shi. "Inda noti biyu zai riƙe, sai su zuba shida."

Ranar da abin ya faru, Auta, 'yar Umma, tana da ganawa da malaman makarantar koyon aikin jinya. Ta ci jarrabawar rubutu, saura tambayoyin baka, kuma ta kwamfuta za a yi su bayan la'asar, su gan ta ta gan su. An ja musu kunne cewa wanda aka kira ba a same shi ba, sai baɗi in da rai. Yarinyar nan tun tana 'yar mitsitsiya take ɗaure wa kyanwar gida ƙafa da ƙyallen ɗinki, ba ta da wani buri sai wannan. Wayarta kuwa ba ta cikin lissafi, don tun watan jiya Baffa ya gyara mata kyamara. Yanzu duk wanda ta ɗauka sai ya fito kamar ta gindin kwalba ake hango shi.

Kwamfutar tsohuwa ce ta tebur, mahaifin Auta ya sayo mata, shi kuma direban babbar mota ne, yana can kan hanya. A kusurwar falo take, gefen keken ɗinkin Umma, shekara da shekaru tana shaƙar ɓurɓushin yadi da gashin kyanwa. Aikinta tana yi lafiya lau, sai dai gurnani kamar tsohon da ya ƙoshi ya kishingiɗa.

Da hantsi Baffa ya yi sallama, yana karkaɗa gwangwaninsa, hancinsa yana neman inda aka dafa shayi. Bai ko zauna ba ya tsaya cak, ya karkata kunne.

"Matar Yaya, wa ya kawo injin niƙa falo?"

"Kwamfutar Auta ce. Bar ta da gurnaninta, ba ta ci wa kowa komai ba."

"A gaban manyan likitoci za ki zaunar da 'yata da wannan rugugi? Su ce daga tashar mota take magana? Ƙura ce ta toshe mata numfashi. Kafin ki tace shayi na share ta tas."

"Injiniya, na haɗa ka da girman Allah ka zauna. Rediyon Yayanka da ka share, yanzu ita ce tudun da kyanwa ke kwana a kai."

"Wannan ai saura ƙiris."

"To wannan ma bar ta da sauranta. Garin neman gira kada a rasa ido."

Ya ce ya ji. Umma ta shiga kicin, kuma nan ne kuskurenta. Kafin ruwa ya tafasa ta ji wani ƙarfe ya faɗi ƙwal. Ta fito da gudu ta tarar ya zare wayoyin baya duka, ya kwantar da akwatin a tsakar ɗaki, ya cire murfin gefe. Gaskiya ƙura kam akwai ta, ta yi dam a ciki kamar an shimfiɗa tsohon bargo.

"Kin gani? Kin gani da idonki?" Ya tattara iska, kumatu suka yi suntum, ya kafa kai a cikin akwatin ya hura.

Ƙurar da ta yi shekaru tana jiran mafita ba ta ga hanya ba sai fuskarsa. Ya ɗago fari fat, gira da gashin baki duk sun yi furfura. Ya yi atishawa, ya ƙara, a ta uku gwiwarsa ta ture murfin gwangwanin da ya tara notunan akwatin a kai, suka watse ƙarƙashin kujeru.

"Yarhamukallah," in ji Umma. "Ka shigo saurayi, ga shi har ka zama kakanmu."

Auta ta fito daga ɗaki riƙe da littafi, ta ga cikin kwamfutarta a buɗe, ta dafe ƙirji.

"Baffa! Yau fa ce ganawar!"

"Shi ya sa nake nan, 'yata. Koma ki yi karatu. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

"Babban ma yanzu ba ya ganin gabansa," Umma ta ce, ta miƙa masa tsumma.

Ya ɗauko tsintsiya, Umma ta fizge. Ya nemi soson wanke-wanke, ta tsaya a ƙofar kicin ta riƙe ƙugu. Sai ya fice, jim kaɗan ya dawo da na'urar busar da gashi, mai ita tana biye da shi da kumfa a hannu. Ita ce Anti Mai Salun, maƙwabciyarsu mai shagon gyaran gashi, mace mai baki kamar reza.

"Umma, ke kika aiko wannan? Ya ce wai rai ne a hannun Allah, ya zare min diraya daga soket."

"Ni ban aike shi ba, Anti. Shi ya aiki kansa."

Baffa ya jona, ya murɗa ta har ƙarshe, ya dosa bakinta cikin akwatin. Iska mai zafi ta buso. Ba a jima ba falo ya ɗauki ƙaurin roba.

"Kai, wannan ta zafi ce!" Anti ta daka tsawa. "Kitso za ka yi mata ko gashi?"

"Zafi shi ke kashe ƙwayar cutar kwamfuta. Ke ina kika san wannan? Iliminki a kan mutane ya tsaya."

"Naka ko kan bai kai ba." Ta fizge dirayarta. Wata farar waya a cikin akwatin ta riga ta lanƙwashe kamar tsutsa.

Umma ta ce a rufe haka, abin da ya fita ya isa. Ina! An tsikari kakkausa. Baffa ya ce kayan mata ba su da ƙarfi, aikin nan na maza ne. Ya rungumi akwatin ya yi waje. Umma ta zari hijabi ta bi shi, tana jan Hasbunallahu a ranta, Anti na biye, ba don taimako ba, don kada a ba ta labari.

A bakin layi Mai Faci yake, da injin ba taya iska. Yana ganinsu ya fara dariya.

"Injiniya, yau kuma me ya mutu?"

"Ba abin da ya mutu. Ara min bututun iska."

"Wannan fa tayar tirela yake cikawa."

"Ita ma wannan ta direban tirela ce. Kunna."

Mai Faci ya dubi Umma, Umma ta girgiza kai, amma Baffa ya riga ya damƙi bututu. Da ya matsa, wani baƙin gajimare ya tashi daga akwatin, iska ta kwashe shi ta sauke a kan fararen tawul ɗin da Anti ta shanya a ƙofar shago, da kuma kan wata baiwar Allah da aka wanke wa gashi ta leƙo kallo. Anti ta ɗora hannu a ka. Matar ta fara ambaton iyayen Baffa ɗaya bayan ɗaya.

Shi ko bai ji ba, don ya gano abin wasa. Akwai 'yar fanka a tsakiyar akwatin, a kan wani ƙarfe mai haƙora kamar mataji. Da iskar ta same ta sai ta fara juyawa tana fito.

"Kun ji? Kun ji muryarta ta asali? Haka ta fito daga kamfani!"

Ya ƙara matsawa. Fito ya koma kuka, kuka ya koma ihu, sai tas! Fiffike ɗaya ya ɓalle ya wuce ta gefen kunnen Mai Faci, wani ya bi bayansa ya faɗa cikin bahon ruwan gwada tayoyi.



"Injiniya," Mai Faci ya ce yana shafa kunne, "tsuntsuwarka ta fige."

"Fukafukan sun yi yawa ne. Almubazzaranci. Waɗanda suka rage sun ishe ta."

Kafin su koma gida rabin layin ya bi su. Aka cika ƙofar falo, masu leƙe ta taga suna ba na baya labari. An kira azahar, Umma ta shiga ta yi sallah, ta daɗe a sujada. Da ta fito ta tarar da abin da ya fi na baya. Baffa ya kwance ƙarfen nan mai haƙora, fanka da komai, ya ɗaga shi sama. A ƙarƙashinsa, kan wani ɗan falle mai sheƙi, akwai wani abu toka-toka da ya bushe ya manne.

"Allahu Akbar!" ya yi kabbara. "Jama'a ku matso. Ga ɓarawon! Wannan ɗan fallen shi ne ƙwaƙwalwar kwamfuta. Kun ga abin da ke kanta? Kashin tsaka ne!"

"Tsaka?" in ji Anti. "Ta ina ta shiga ƙarƙashin ƙarfen da aka ɗaure da noti?"

"Ke kin san tsaka kuwa? Shekara nawa tana shiga tana biyan buƙata a kan ƙwaƙwalwar yarinya! Ba dole ta yi gurnani ba? Ke a yi miki haka a ka, ya za ki yi?"

Ya zaro reza daga aljihu ya kankare shi tas, ya tara a kan takarda, ya zagaya da shi yana nuna wa mutane kamar wanda ya kamo zaki. Wasu har da toshe hanci.

Auta ta kutsa ta cikin mutane. Da ta ga takardar sai idonta ya kawo ruwa.

"Baffa, ba kashi ba ne. Wani mai ne da ake shafawa da gangan, shi ke kai zafin ƙwaƙwalwar zuwa ƙarfen. In babu shi za ta yi zafi ta mutu."

Baffa ya dubi takardar, ya dubi jama'a. Wani zai ji kunya. Shi kuwa sai ya yi murmushi.

"Gwada ki nake yi. Madalla, kina karatu. Mai ne, amma ya lalace har ya koma kamar kashin tsaka, shi ya sa na ce kashin tsaka. Matar Yaya, kawo min man goge baki."

"Na me?"

"Wane mai ne ya fi shi sanyi? In kin goge baki ba kya jin iska na shiga? Wannan sirri ne na manyan injiniyoyi."

"Sirrin ya yi zurfi, har su ma ba su san shi ba," in ji Mai Faci daga taga.

Umma ta ƙi motsawa, ya shiga banɗaki da kansa ya ɗauko. Ya matsa shi a kan fallen kamar mai shafa wa burodi bota, ya kifa ƙarfen, ya ɗaure da notunan da hannunsa ya kai gare su. Ƙarfen yana rawa, ya ce ai gara ya riƙa shan iska. Da aka mayar da murfi, notuna suka yi saura kamar kullum. Ya zuba su a gwangwani, ƙwal ƙwal, yana kallon mutane da alfahari.

Aka jona wayoyi, ya danna. Shiru. Ya sake dannawa. Shiru.

"Ya ake ciki, Injiniya?" mutanen taga suka tambaya, suna sane.

"Saura ƙiris."

Layi ya kwashe da dariya. Umma ba ta yi ba, ita tana kallon inuwa tana tsawo a tsakar gida. Auta ce ta durƙusa ta ga bai kunna makunnin bango ba. Ta kunna, allo ya kawo haske. Gurnani kam ya tafi, sai wani ƙaf-ƙaf-ƙaf na fanka mai ɗingishi da ya maye gurbinsa.

"To! Ina masu dariya?" Baffa ya buga ƙirji, ƙura ta tashi daga rigarsa. "In ta zama Nas, ku tuna wanda ya share mata hanya."

Bayan la'asar Auta ta yi sallah, ta gyara mayafi, ta zauna gaban allo. Umma ta roƙi jama'a su yi shiru, ta kuma roƙi Baffa ya fita. Ya ce likita ba ya barin majiyyaci ranar tiyata. Ya ja kujera ya zauna daidai bayan Auta, inda kyamara za ta ɗauke shi, fuska duk toka.

Mutum uku suka bayyana a allo, a tsakiya wata babbar Sista mai tabarau. Aka gaisa. Tambaya ta farko Auta ta amsa, ta biyu ma haka, muryarta ta fara zama daidai. Umma na gefe tana jan carbi. Sai ta ji wani ƙamshi. Na'a-na'a ne, mai ɗumi, kamar ana dafa man goge baki a tukunya. Ta kai hannu kan akwatin ta janye da sauri.

"Injiniya," ta raɗa, "ta yi zafi."

"Gumi take yi, alamar lafiya ce."

Hoton Sista ya fara tsayawa yana tafiya. Baffa ya zabura, ya ɓalle murfin gefe, wanda dama noti ɗaya ke riƙe da shi, ya fizgi murfin tukunya ya hau fifita. Ya yafito Mai Faci ya ba shi kwali, ya miƙa wa Anti faranti. Kan ka ce kwabo mutum uku sun durƙusa bayan Auta suna fifita da iya ƙarfinsu, mayafinta yana tashi.

Sista ta sauke tabarau.

"'Yata, lafiya? Su wane ne a bayanki? Wani ne ya suma?"

Kafin Auta ta buɗe baki Baffa ya cusa kai gaban kyamara.

"Ranki ya daɗe, Injiniya ne, baffanta. Babu matsala ko kaɗan. Saura ƙi…"

Allo ya yi baƙi. Fanka ta yi ƙaf na ƙarshe ta tsaya. Wani farin kumfa ya gangaro daga ƙarƙashin ƙarfen ya ɗiga a kan tebur.

Auta ba ta yi kuka ba, ta dai ƙura wa baƙin allon ido, kuma wannan ya fi kuka ciwo a wurin Umma. Baffa ya laluba aljihu yana cewa a ba shi reza da ƙanƙara. Umma ba ta ko dube shi ba.

"Anti, wayarki."

Anti ta ciro ta daga jaka ba musu. Auta ta karɓa, ta shigar da bayananta, ta yi kuskure, ta sake. Can sai ga tabarau ya bayyana a ɗan ƙaramin allo.

"Har na ɗauki biro zan tsallake sunanki," in ji Sista. "Tunda kin dawo, ga tambaya ta ƙarshe. An kawo miki majiyyaci jikinsa ya yi zafi rau. Ga wani ɗan'uwansa a kansa, ya ba shi wannan ya shafa masa wancan, yana cewa shi ya san maganin. Me za ki fara yi?"

Auta ta waiwaya ta dubi baffanta, murfin tukunya a hannu, furfurar ƙura a gira. Ta juyo.

"Sista, zan fara fitar da ɗan'uwan waje, in rufe ƙofa. Sannan in auna zafin."

Na hagun Sista ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa na rawa don dariya. Ita kanta sai da ta cije leɓe.

"Wasu sai sun shekara a asibiti suke gane wannan. Ki shirya kayanki, za ki ji daga gare mu."

Falo ya kaure da sowa. Anti ta rungume Auta, Mai Faci yana buga kwali a bango. Umma ta ce Alhamdulillah a hankali, ta share ido da gefen hijabi. Baffa kuwa ya miƙe yana gyara wuyan riga.

"Kun gani? Wa ya ba ta amsar? Ba don ni ba, ina za ta samo ta? Yanzu kwamfutar ma ku bar min ita zuwa gobe, ai saura…"

Umma ta kama hannun rigarsa, cikin ladabi, ta ratsa da shi ta tsakiyar jama'a har bakin ƙofa. A nan ta sunkuya ta tsinci wani noti da ya gangaro tun safe, ta buɗe tafin hannunsa ta ajiye masa.

"Wannan kada ka sa shi a gwangwani, Injiniya. Na kanka ne ya kwance. Ka nemi wanda ya iya ya ɗaure maka."

Ta rufe ƙofa, kamar yadda Nas Auta ta ce a yi.